Ƙofar Kogi a Soron Maɗi

Ran nan ina zaune a gindin darbejiyar bakin kasuwa, inda samari ke buga bulo, sai na ji wani yana ce wa abokinsa wai ginin ƙasa ai ba sana'a ba ce, ko yaro ya samu laka zai iya. Da ƙarfi ya faɗa don in ji, na kuwa ji. Ban tanka ba, don akwai goro a bakina kuma ban gama da shi ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wannan aiki da kuke yi wa kallon wasan yara, da na soron nan da kuke jingina baburanku a jikinsa ba ku taɓa shiga kun ɗaga kai ba.

Sunana Habu, magini ne ni ɗan magina, kuma a nan Ɗinyar Kogi aka yanke mini cibiya. Manya sun ce asalin garin mashigi ne. Fatake masu zuwa arewa da jakuna kan yi zango a bakin kogin suna jiran ruwa ya janye, gaɓar kuwa cike take da itatuwan ɗinya. Sai wasu mata suka fara dafa 'ya'yan ɗinyar suna yin maɗi, ruwan zaƙin nan baƙi mai kauri, suna sayar wa masu jira. Wanda ya sha ya kai labari gaba, wanda ya ji ya ratso ko da ba hanyarsa ba ce. Da haka bukkoki suka zama ɗakuna, ɗakuna suka zama gari. Har gobe in ka je kasuwar Makoda ko ta Shanono ka ce daga nan kake, kafin a tambayi lafiyar iyalinka za a tambaye ka ko ka riƙo maɗi.

Wanda ya san gini, in ya shigo tsohon gari zai ga abin da baƙo ba ya gani. Babu gidan da ya fuskanci kogi, kowa ya juya masa baya da katanga mai kauri. Lunguna duk gangarawa suke yi zuwa babban kududdufin bayan gari, ramin da aka haƙi ƙasar da aka gina garin da ita. Babu indararon da ke zuba a gindin katangar maƙwabci, kowanne an auna bakinsa ya faɗa tsakiyar lungu. Ba takarda aka zana ba, ba injiniya aka ɗauko ba, amma ka bi ruwan sama da ido ka ga kamar an gaya wa kowane ɗigo inda zai bi. Gini ɗaya ne kawai ya tsaya gaba da gaba da kogi, daidai inda ruwa ke yin kwana, shi ne Soron Maɗi. Gidanmu na magina kuma yana manne da bayansa.

A cikin soron ake dafa maɗin gari tun kafin kakannin kakanninmu. Ku daure wata rana ku shiga, ku jira idonku ya saba da duhu. Ginshiƙai ne manya, kowanne mutum biyu ba sa rungume shi, gindinsu na jan dutsen marmara ne har zuwa ƙugun mutum, daga nan ƙasa ta ɗora. Daga kan kowane ginshiƙi bakan gizo ya tashi, wato lanƙwasar nan da ke riƙe rufi, ya yi sama ya je ya gamu da 'yan'uwansa a tsakiya. Hayaƙin shekaru ya mai da su baƙi ƙirin, suna ƙyalli kamar bayan tsohuwar tukunya, kuma shi ya hana gara taɓa itacen da ke ciki. Ko'ina ƙanshin zaƙin da ya ƙone. Na yi gini a garuruwa da yawa, na shiga zaurukan masu kuɗi da na masu sarauta, amma har yau in na tsaya a tsakiyar soron nan sai tsigar jikina ta tashi. Ban san sunan wanda ya gina shi ba, kuma babu wanda ya sani.

Aikin farko da Baffa Iro, ƙanen mahaifina, ya ba ni shi ne taka ƙasa. A hannunsa na koyi sana'a, don mahaifina bai yi tsawon rai ba. Za a haƙo jar ƙasa a tara, a zuba ruwa, a barbaɗa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, sai ka naɗe wando ka shiga. Ka taka, ka juya da fartanya, ka sake takawa, a rufe a bar ta ta tsima, gobe a maimaita. Na taka har dugadugaina suka tsattsage, na je na ce masa ta yi. Ya ɗebi kaɗan ya murza, ya kai hanci, ya mayar, ya ce ƙafata ce ta gaji, ƙasa kam da sauranta. Sai daga baya na gane abin da yake nema. In ta tsimu za ka ji tana ɗan tsami a hanci, kuma in ka sa ƙafa sai ta riƙe ka kamar ba za ta saki ba.

Daga nan aka ƙara mini matsayi, na koma mulmula tubali da jifansa. Tubali ba shi da kwano kamar bulonku, tafin hannu ne ke yinsa, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan katanga ya raba ƙafa kamar ya hau jaki, kai kana ƙasa kana jefa masa, yana caɓewa yana jerawa ba ya ko kallonka. In ka jefa ya kauce ya faɗo ya fashe, ranar za ka ji sunan da ba shi aka raɗa maka ba. Kayan aikinmu kaf ba su cika buhu ba: diga, fartanya, gatarin faskara giginya a fitar da azara, igiya, ƙwaryar yayyafa ruwa, da wani sulɓaɓɓen dutse na goge bango. Ma'auninmu ido ne da kamu. In katanga ta fara karkata a cinyarka za ka fara ji, tun ido bai gani ba.

Bakan gizo na farko da na ɗaure da kaina a zauren liman ne, na riga na yi gemu a lokacin. Kana kafa azara a jikin bango ta ɓullo kaɗan, ka ɗaure, ka lulluɓe da ƙasa, ka tafi ka bar ta ta bushe. Ka dawo ka ɗora wata a kanta ta ɗara ta fitowa, haka nan ta ɗaya ɓangaren, hannu biyu suna miƙowa a sararin sama babu abin da ya tokare su a ƙasa. Mai gaggawa ba ya wannan aiki, don in ka ɗora a kan ɗanye sai ya sunkuya. Ranar da suka haɗu a tsakiya, Baffa ya sa aka kawo mini tuwona a ƙarƙashinsa, shi kuma ya koma waje ya zauna. Haka al'adarmu take, wanda ya ɗaure baka shi zai fara zama a inuwarsa. Na ci tuwon nan ido ɗaya a kwano ido ɗaya a sama.

Masu ba da aiki kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai ce maka ɗan gyara ne kawai, ka je ka tarar abin da ya rage a tsaye ƙofa ce. Akwai wani Alhaji mai sayen gyaɗa da ya ce zankon gidansa, tsinin nan na kan soro, sai ya fi na dagaci tsawo, muka yi masa, daminar farko iska ta sauke masa shi a kan akuya. Amma duk babu kamar Iya Tabawa, shugabar masu maɗi, wadda ta gaji soron daga uwarta, uwarta daga kakarta. Duk shekara kafin ruwa ya sauka mukan yi wa soron yaɓen makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da ƙasa don ruwa ya zame. Za ta kafa kujera a rana tana kallon hannunka. In ka tsallake wuri kamar tafin jariri sai ka ji, "Habu, can kuma wa ka bar wa, ubanka?" In an gama ta cika maka ƙwarya da maɗi mai ɗumi, ta tsaya a kanka sai ka shanye.

A irin wannan yaɓe ne wata shekara Baffa ya kira ni cikin soron, ya kai ni jikin bangon da ke kallon kogi.

"Ƙwanƙwasa nan," in ji shi.

Na ƙwanƙwasa, ƙarar ta mutu a hannuna, bango ne mai kauri.

"To matsa, ƙwanƙwasa tsakanin ginshiƙan nan biyu."

Na ƙwanƙwasa, sai bangon ya amsa kamar ƙwarya.

"Wannan ƙofa ce, Habu. Jerin tubali ɗaya ne aka toshe ta da shi aka shafe. Akwai 'yar'uwarta a bangon baya, saitinta. Ƙofar kogi ake ce mata."

"Wa ke shiga ta nan, Baffa?"

"Wanda ya riga mu zuwa garin."

Sai ya yi mini bayani. Soron yana kan kwanar ruwa ne, in babbar ambaliya ta zo a jikinsa take taruwa tana hawa. Muddin tana jikin marmarar da aka ɗora bangon a kanta babu komai, amma in ta haye ta kama ƙasa, gindin bango zai jiƙe, bakunan gizo su rufto gaba ɗaya. Don haka in ya rage tafin hannu ruwa ya haye marmara, magini zai ɗauki diga ya fasa ƙofar baya, ya fasa ta gaba, ya ba kogi hanya ya ratsa ta tsakiyar soron ya gangara kududdufi. Na lissafa hanyar a kaina, sannan na ce to in ya fita ta baya, ta ina zai bi? Baffa ya tura baki wajen gidanmu.

"Kana tsammanin don ana ƙaunarmu aka ba mu fili a tsakiyar gari?" in ji shi. "In gidan wani ne, zai riƙe maka hannu, ku tsaya gardama har soro ya rufta. In naka ne, ba ka da wanda za ka nemi izininsa. Kuma kai ne in gidanka ya faɗi ka san yadda za ka tashe shi."

"Kai ka taɓa fasawa?"

"Ban taɓa ba. Ubana ma bai taɓa ba. Kakana aka ce ya fasa, ni kuwa ban gani ba. Abin da aka gaya mini na gaya maka."

Shekaru suka tura. Baffa ya rasu bai ga ranar ba, digarsa ta dawo hannuna. Siminti ya shigo, aikinmu ya ja baya, ya koma gyaran rumbu da toshe katanga. Ban yi fushi da siminti ba, har ɗana na fari, Sabi'u, da kaina na kai shi Ungogo ya koyi ginin bulo, ya kuma iya, hannunsa na da tsabta. Da ya fara samu, abin da ya soma yi shi ne ya zo ya gina wa uwarsa, maiɗakina Rabi, ɗaki na bulo da rufin kwano, ya shafa masa shuɗin fenti. Matan gari suka yi ta zuwa gani. Rabi ba ta faɗin sunansa, yaron nan take cewa, amma a ranar bakinta ya ƙi rufuwa. Wurin da ya fi daidaituwa a gidan suka zaɓa, bayan soron, daf da toshasshiyar ƙofar. Na ce musu a kan hanyar ruwa suke, suka yi dariya, ni ma na taya su, don a lokacin ni kaina na fara ɗaukar maganar kamar tatsuniya.

Shekarar da ta zama mana mummuna, marka ce ta kama ta ƙi saki. Gero ya kwanta a gona, ɗinya ta fara zubewa tana ruɓewa a gindin uwarta. Wata safiya muka tashi kogi ya cinye fadama, ya cinye mashigi, yana dukan gindin soron da kumfa da karan dawa. Sabi'u yana gida lokacin, shi ya tara samari suka yi ta cika buhuna da yashi suna tare bakin lunguna, kuma wallahi sun yi aiki, ba don su ba da unguwar gabas ta tafi. Sai dai duk lungun da suka toshe, ruwan sai ya ƙara taruwa a kwana. Ni ina tsaye a gefen soron ina kallon marmara. Da hantsi saura kamu guda. Kafin azahar na sa hannu, tafina ya rufe abin da ya rage.

Na shiga ciki na tarar da Iya Tabawa zaune a kan kujerarta tsakanin tukwane. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, ido ya yi rauni, jikokinta sun yi sun yi ta fito ta ƙi.

"Habu ne? Na san tafiyarka. Ya kai?"

"Ya kai, Iya."

"Kakata ta ce an taɓa yi tana yarinya. Ni dai ba zan ce ka yi ba, gidanka ne."

Dagaci ya shigo da Sabi'u a bayansa, duk sun jiƙe sharkaf. Na gaya musu abin da zan yi. Dagaci ya ce shi bai taɓa jin wannan magana ba, amma ba zai hana mutum abin da ya gada ba. Sabi'u ne ya tare ni.

"Baba, labari ne fa. Kai ba ka gani ba, wanda ya gaya maka bai gani ba. In ka buɗe ruwa ya shigo ya haye ginshiƙan nan, mun rasa soro mun rasa gida. Ka bari mu ƙara buhuna."

Gaskiya ya faɗa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan katanga mafi tsawo. Abin da kawai nake da shi shi ne na yi shekaru ina bin aikin maginan da suka kafa garin nan da hannuna, ban taɓa kama su sun ajiye ko tubali ɗaya a banza ba. Na ce masa a sa matasa su ɗauke Iya da kujerarta, a kwashe tukwane.

Na zagaya gida. Rabi tana ƙofar ɗakinta tana tare ruwan tsakar gida da tsintsiya.

"A kwashe kaya a kai makarantar kan tudu," na ce mata. "Da awaki da abin da ke rumbu."

Ta dube ni, ta dubi bayan soron, ta gane.

"Har ɗakin nawa, Malam?"

"Har shi."

Ta jingine tsintsiya ta shiga ta fara naɗe katifa. Maƙwabta suka zo aka yi ta jida a ka, abin da aka iya ɗauka aka ɗauka.

Da na dawo soron da diga, Sabi'u na tsaye a jikin ƙofar baya, ya tuɓe riga. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, Baba, bayanka ba zai iya biyu ba." Bai dube ni ba. Ya yi bisimilla ya kai sara, tubalan suka zube cikin sauƙi kamar jira suke, haske ya shigo, ga shuɗin bangon ɗakin uwarsa yana kallonmu. Ya miƙo mini digar. Na ɗaura igiya a ƙugu, ya riƙe ɗaya bakin ta bayan ginshiƙi, na raɓe a gefe na fara sarar ƙofar gaba daga ƙasa. Ban yi sara da yawa ba ruwa ya tsarto kamar bakin buta, sannan ya karɓi aikin daga hannuna. Bangon ya buɗe gaba ɗaya, Sabi'u ya fizgo ni, muka haye kan dakalin murhu.

Abin da na gani daga nan, in na ce zan iya faɗinsa daidai na yi ƙarya. Kogi ya shigo soro da ruri, ja wur, amma bai bazu ba. Ya wanke tokar shekaru da daskararren zaƙi daga ƙasa, sai ga shimfiɗar duwatsu ta bayyana, an kwantar da su da ɗan kwari a tsakiya, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Duk rayuwata ina taka wurin ban san da ita ba. Ginshiƙan da na ɗauka zagayayyu ne, ashe gindinsu ta wajen kogi an fiƙe shi kamar gaban kwalekwale, ruwa na zuwa yana rabewa. Ya hau, ya hau, ya tsaya ƙasa da bakin marmara, bai ƙara ba. Wani daga waje ya yi ihu cewa ruwan jikin bango yana sauka. Sabi'u yana ta maimaita "Allahu Akbar" a hankali. Mutanen da ba su san za a haife mu ba sun auna wannan rana, sun kuma auna ta daidai.

Muna nan a tsaye muka ji gidanmu yana tafiya. Katangar tsakar gida ce ta fara, da wani nishi mai nauyi, sai rumbu, sai ɗakina. Na Rabi ya fi daɗewa. Ba laifin bulo ba ne, ko dutse ne ba zai tsaya a bakin wannan ruwa ba. Ya kwashe ƙasar ƙarƙashinsa, muka ga shuɗin bangon ya tsage ya durƙusa, kwanon rufi ya yi ƙara ya bi ruwa.

Da ruwa ya janye, soron yana nan, zanko ɗaya kawai ya rasa. Na zo toshe ƙofofin, ina share gefunansu, sai na ga ragowar tubalan da ba irin waɗanda muka fasa ba. Wasu na jar ƙasa, a bayansu wasu masu duhu ƙanana, a bayansu kuma wasu da ciyawar cikinsu ta zama gari. Kowane jeri da irin hannunsa, a jikin wani har shatar babban yatsa tana nan. Na sa nawa yatsan a ciki. Ashe ba kakan Baffa kaɗai ba ne, an yi ta fasawa ana toshewa, kowannensu ya tsaya inda na tsaya ya saurari gidansa. Na bar nasu yadda suke, na jera nawa a gaba.

Shekarar ba a dafa maɗi ba ko tukunya ɗaya, gero kuma sai wanda aka sayo. Mu muna zaune a aji guda na makaranta, an raba da zane. Hukuma ta yanka filaye a kan tudu don waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, sunana na ciki. Sabi'u ya ce mu karɓa, zai sake gina wa uwarsa wanda ya fi na da, inda kogi ba zai gan shi ba. Na san in muka tashi wani zai karɓi filin bayan soro, kuma ranar da ruwa ya dawo zai riƙe hannun mai diga. Amma ban iya buɗe baki na roƙi Rabi ba. Tun ranar ambaliya, in ban da gaisuwa da ga abinci, babu abin da ya haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba.

Wata safiya na tashi ban gan ta a makaranta ba. Ni da Sabi'u muka gangaro neman ta, sai muka hangi hayaƙi yana tashi daga kangon gidanmu. Ta share wuri a tsakiyar busasshiyar laka, ta tono duwatsun murhunta daga inda ruwa ya binne su, ta kafa su, ta ɗora tukunyar koko. Muka tsaya a kanta kamar baƙi.

Ba ta ɗago ba, tana dama kokonta ta ce, "Malam, in gini za ku yi ku yi, ku daina tsaya mini a ka. Amma ka gaya wa yaron nan, wannan karon ɗakina a can gefe za a sa shi. Tsakiyar a bar wa mai hanya hanyarsa."